Yafe Wa Masu Shirya Fim Haraji: Dukiyar Wa Ake Yafewa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya halatta sana'a da ciniki, Ya kuma ɗora wa shugabanni amanar dukiyar jama'a. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, maganarmu ta wannan mako a kan wata mas'ala ce da ta daɗe tana kai da komowa tsakanin masu shirya finafinan Hausa da hukuma, watau batun rangwamen haraji. Masu wannan sana'a suna cewa, tun da yake matasa masu ɗimbin yawa ne ke cin abinci a cikinta, ya kamata gwamnati ta sassauta musu haraji da sauran kuɗaɗen da ake karɓa a hannunsu, kamar yadda ake yi a waɗansu ƙasashe. Waɗansu malamai da iyaye kuwa suna cewa, ina dalilin da za a ɗauke wa mai wasan kwaikwayo nauyin da ba a ɗauke wa manomi da maɗinki ba? Kowane ɓangare yana da abin faɗa. Amma akasarin muhawarar takan tsaya ne a kan fim ɗin kansa, halal ne ko haram, a manta da tambayar da ta fi kusa da aljihun kowa: in an yafe harajin nan, dukiyar wa aka yafe, kuma bisa wane sharaɗi Shari'a ta yarda a yi haka?

MENE NE RANGWAMEN HARAJI?

Ya kamata mu fara sanin abin da muke magana a kai. Rangwamen da gwamnatoci ke yi wa masu shirya fim da shirye-shiryen talabijin iri uku ne. Na farko, a ba kamfani hutun haraji, watau a ce ba zai biya harajin ribarsa ba har waɗansu shekaru. Na biyu, a lissafa abin da ya kashe wajen aiki, a cire wani kaso daga harajin da ke kansa. Na uku, a mayar masa da wani kaso na abin da ya kashe a cikin ƙasa ko jiha, kuɗi hannu. Jihar Jojiya ta Amurka ta yi suna a kan iri na biyu tun 2008, inda rangwamen yakan kai kashi 30 cikin 100. Ƙasar Saudiyya kuwa, wadda ta sake buɗe gidajen sinima a 2018, ta buɗe shirin iri na uku a 2022, inda a lokacin take mayar da abin da ya kai kashi 40 cikin 100 ga wanda ya zo ya yi aikinsa a can.

A nan ƙasarmu ma an taɓa gwada hanyoyi daban-daban. A 2013 Gwamnatin Tarayya, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, ta ware Naira miliyan dubu 3 don tallafa wa sana'ar fim. A 2017, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, aka shigar da shirya fim da shirye-shiryen talabijin cikin jerin sana'o'in da za a iya ba su hutun haraji na shekara 3, wanda ake iya ƙara masa shekara 2. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya fito da rance don masu sana'o'in fasaha, da ruwan da bai wuce kashi 9 cikin 100 ba. Sa'an nan a watan Yuni na 2025 aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, waɗanda suka fara aiki a farkon 2026, suka maye gurbin tsohon hutun harajin nan da wani tsari na cire kaso daga haraji gwargwadon jarin da kamfani ya zuba.

To, abin lura a nan shi ne, hutun harajin 2017 ya zo da sharaɗin cewa kamfani ya mallaki kayan aiki na fiye da Naira miliyan 100. Mai shirya fim a Kano wanda ke haya kyamara, ya ari gida, ya ci bashin abincin ma'aikata, ina shi ina wannan sharaɗi? Bugu da ƙari, dokar kuɗi ta 2019 a wancan lokaci ta ɗauke harajin kamfanoni daga kan duk kamfanin da cinikinsa na shekara bai kai Naira miliyan 25 ba, saboda haka ƙaramin mai shirya fim ba shi da wani harajin riba da za a yafe masa. Kuma harajin kamfanoni na Tarayya ne. Abin da ke hannun gwamnatin jiha shi ne harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane, da kuɗin rajista da na tace fim, da kuɗin wurin sana'a da makamantansu. In dai ana maganar Kano ta yi rangwame, to a kan waɗannan ake magana, kuma su ne ainihin irin kuɗaɗen da ake karɓa a hannun sauran masu ƙananan sana'o'i.

WANDA KE BIYA

Mutane da yawa suna ɗaukar yafe haraji a kan abu ne mai sauƙi, wai ai gwamnati ba ta ba da kome ba, ƙin karɓa kawai ta yi. Wannan kuskuren lissafi ne. Mu ɗauki misali da unguwar Soron Ɗinki a cikin birnin Kano, wadda sunanta ma ya isa shaida a kan sana'ar da aka san ta da ita. Maɗinkin da ya duƙufa a kan aska takwas ta babbar riga, ko telan da ke taka keke tun safe, ana bin sa kuɗin shago da na sana'a, yana kuma biyan harajin VAT a cikin farashin kayan da yake saye, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100 a 2020. Shi kuma yana da hakki a kan baitulmali: ruwan famfo, da gyaran kwata, da magani a asibiti, da malami a makarantar 'ya'yansa. In an yafe wa wani Naira miliyan 10, to ɗayan biyu ne: ko dai a rage wa maɗinkin nan aikin da za a yi masa da waɗannan kuɗi, ko a ƙara masa abin da zai biya don a cike gurbi. Saboda haka harajin da aka yafe daidai yake da kuɗin da aka ɗebo daga baitulmali aka miƙa. Duk tambayar da za a yi wa shugaba a kan abin da ya kashe, za a yi masa ita a kan abin da ya yafe.

Mutanen wannan ƙasa kuwa sun daɗe da sanin nauyin wannan magana. Shehu Magili, a cikin littafin nasiha da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya keɓe magana a kan inda ya halatta sarki ya samo dukiya da inda ya halatta ya kashe ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da gaisuwa da sauran kuɗaɗen da sarakunan Hausa ke karɓa cikin abubuwan da ya soka. Ƙaninsa Malam Abdullahi a nan Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami don shiryar da masu mulki. A zamanin nan kuma, Malam Aminu Kano da mabiyansa sun sha ɗauri da wulaƙanci a kan batun harajin talaka, har Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano bayan hawansa mulki a 1979. Malamai irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi sun yarda shugaba adali ya ɗora wa masu hali wani abu bayan zakka, amma da sharaɗin akwai buƙata ta gaskiya kuma baitulmali ya gaza. Abin da aka karɓa da hujjar buƙata kuwa, ba ya yiwuwa a yi kyauta da shi yadda aka ga dama.

ABIN DA SAYYIDINA UMARU YA YI

Shin wannan yana nufin Shari'a ta hana a yi wa wata sana'a rangwame a bar wata? A'a. Akwai magabaci a kan wannan, kuma yana cikin littafin da ke hannun almajiranmu, watau Muwaɗɗa ta Imamu Malik, a cikin babin ushirar da ake karɓa daga fataken da ba Musulmi ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, yakan karɓi ushira cikakkiya, kashi 10 cikin 100, a kan dangin wake da fataken Nabaɗ ke kawowa Madina, amma a kan alkama da man zaitun sai ya karɓi rabin ushira, kashi 5 cikin 100. Mai ruwayar ya faɗi dalili: Umaru yana son a yawaita kawo waɗannan kaya Madina. Wannan shi ne rangwamen haraji ƙarara, shekara fiye da 1,300 kafin a ji shi a Jojiya.

Mu duba abin da ke cikin wannan aiki na Umaru da kyau. Da farko, bai yi rangwamen don tausayin fatake ba, ko don suna da baki a wurinsa. Ya yi ne don mutanen Madina, su sami abinci da yawa kuma da araha. Rabin ushirar da baitulmali ya rasa ya komo wa jama'a ta ƙofar kasuwa. Na biyu, bai yi wa dukan kaya kuɗin goro ba. Ya bambanta abin da gari ke matuƙar buƙata da abin da ba a matsu da shi ba. Na uku, amfanin da yake nema abu ne da ido ke gani: ko ayarin alkama ya ƙaru ko bai ƙaru ba, kowa a kasuwa zai shaida. Daga irin wannan ne malaman fiƙihu suka kafa ƙa'idar cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa a ɗaure yake da maslaharsu. Ke nan rangwame halal ne in amfaninsa zai komo ga waɗanda suka ɗauki nauyinsa, kuma cin amana ne in ya tsaya a aljihun wanda aka yi wa.

FIM ALKAMA NE KO WAKE?

A nan ne mai tambaya zai ce, to Malam, ka kwatanta fim da abinci? Ashe Allah bai hana mu taimakon juna a kan saɓo ba, kamar yadda ya zo a farkon Suratul Ma'ida? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma mutanen Kano ba yau suka fara yin ta ba. Sa'ad da aka buɗe sinimar Palace kusa da Kasuwar Kurmi a 1951, malamai da dattawan birni sun nuna ƙin jininsu ƙwarai, balle ga shi a shekarar ne gobarar sinimar El Duniya ta ci rayuka fiye da 300. Bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000 an dakatar da harkar fim, aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. A 2007 an sake dakatar da ɗaukar fim na wata 6. A 2016 kuma Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar gina alƙaryar shirya finafinai a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, a kan kuɗi Naira miliyan dubu 3, malamai suka yi ta suka a kan mumbari da gidajen rediyo, har gwamnati ta janye.

Ba na raina tsoron da malaman nan suka ji. Wanda ya ga irin raye-raye da shigar da ake yi a waɗansu finafinai, ya kuma san yadda yara ke kwaikwayon abin da suka gani, ba zai ce tsoron banza ba ne. Amma mu dubi abin da ya biyo baya. Dakatarwar 2007 ta sa masu sana'ar da yawa sun kwashe aikinsu zuwa Kaduna da Jos, inda dokar Kano ba ta kai ba, finafinan kuma suka komo kasuwar Kano aka saya. Bayan 2016 ba a daina fim ba. Kasuwar faifai ce ta mutu, aikin ya koma tashoshin tauraron ɗan'adam da YouTube, ya shiga wayar hannun kowane yaro. Gurbin da finafinanmu suka bari kuwa, finafinan Indiya da aka fassara da Hausa ne suka cike shi. Ashe abin da ke gabanmu shi ne wane irin fim 'ya'yanmu za su kalla, da kuma wa zai shirya shi.

Akwai kuma wata hujja da ya kamata mai adalci ya duba. Hukuma ce ke yi wa masu fim rajista, ta karɓi kuɗinsu, ta duba aikinsu, ta ba su takardar izni. In sana'ar haram ce daga tushenta, to karɓar kuɗin ma bai halatta ba, sai a rufe ta baki ɗaya. In kuwa an yarda sana'a ce da ake iya yi a cikin iyaka, kamar yadda kafa hukumar tacewa ke nunawa, to hukuncinta hukuncin sauran sana'o'i ne: abin da ke cikinta na halal halal ne, na haram kuma haram. Kyamara kamar alƙalami take, ana rubuta tafsiri da shi, ana kuma rubuta ƙazafi. Malam Aminu Kano, wanda malamin tafsiri ne, ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana malamin makaranta don wayar da kan jama'a.

Gwamnati kuma ta daɗe tana kashe kuɗin jama'a a wannan fage. Dattawanmu suna tuna motar majigi da ke zuwa ƙofar fada da daddare, ana nuna wa manoma noman auduga da tsabtar gida. Da kuɗin gwamnati Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar a 1976, daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da kuɗin jihar Kano aka kafa gidan talabijin na CTV a zamanin Rimi, wanda yanzu ake kira ARTV, kuma a irin waɗannan gidaje ne aka horar da mutanen da suka fito da Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 kuwa, da tallafin gwamnatin Amurka ta tashi. In baƙi daga nesa sun ga cewa wasan kwaikwayo da harshen Hausa ya cancanci su zuba masa dukiya, to mu ma ya kamata mu tambayi kanmu dalili. Amsar da zan ba mai tambaya ita ce, a cikin fim akwai alkama akwai wake, har da ƙaiƙayi, kuma aikin shugaba ne ya tankaɗe kafin ya yi rangwame.

KADA A YI WA ROGO KALLON KITSE

Masu neman rangwame su ma akwai inda hujjarsu take da rauni. Sukan ce ai duk Nairar da aka yafe za ta haifi goma. Gaskiya ne Ibn Haldun, a cikin Muƙaddima, ya lura cewa daula a farkonta takan ɗora haraji kaɗan ta tara da yawa, a ƙarshenta kuwa ta ɗora da yawa ta tara kaɗan, domin nauyin haraji yana kashe wa masu sana'a zuciya. Amma wannan magana ce a kan sauƙaƙa wa jama'a duka, ba ta zama hujjar fifita ƙungiya guda ba sai an ga amfanin a ƙasa. Jihar Mishigan ta Amurka ta fito da rangwame mai tsoka a 2008, wanda ya kai kashi 42 cikin 100. Kamfanoni suka zo suka ɗauki finafinai, suka karɓi rabonsu, da aiki ya ƙare suka naɗe kayansu. A 2015 jihar ta soke shirin, domin abin da ya fita daga baitulmalinta bai komo yadda aka yi tsammani ba. In jiha mai arziki irin wannan ta ji jiki, ina ga jihar da har yanzu 'ya'yanta ke zaune a ƙasa a cikin aji?

Maganin wannan ma yana cikin aikin Sayyidina Umaru. An ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yanka wa Bilalu ɗan Harisu Almuzani fili mai faɗi a kwarin Aƙiƙ kusa da Madina. Da Umaru ya zama halifa, ya ga Bilalu bai iya raya filin duka ba, sai ya bar masa gwargwadon abin da zai iya aikatawa, ya karɓe sauran ya raba wa Musulmi. Hujjarsa ita ce an ba shi ne don ya yi aiki, ba don ya tsare wa mutane ba. In har kyautar da ta fito daga hannun Annabi tana ɗauke da sharaɗin aiki, to rangwamen gwamna ko na shugaban ƙasa ya fi cancantar a ɗaure shi da sharaɗi. Ko Ingila ma, tun 2007, ba ta yi wa fim rangwame sai ya ci wata jarrabawa da ake ba da maki a kan labarinsa da harshensa da wurin da aka yi aikin da mutanen da suka yi shi.

SHARUƊƊAN DA SUKA KAMATA

Bisa ga abin da ya gabata, ina ganin rangwamen haraji ga masu shirya fim ya halatta, har ma yana iya zama abin so, in an cika sharuɗɗa huɗu.

Na ɗaya, a auna rangwamen da abin da mai fim ya kashe a cikin jiha, bisa rasit da shaida. Fim ɗin sarauta yana buƙatar riguna da rawuna da alkyabba da kayan doki. In an ɗinka su a Soron Ɗinki, aka rina a Ƙofar Mata, aka sayi sirdi da linzami a Kurmi, aka ba matan unguwa kwangilar abinci, to maɗinkin da muka yi magana a kansa ya ga inda harajinsa ya shiga. In kuwa daga waje aka yo odar kome, Kano ba ta samu kome ba sai ƙurar motoci, to babu hujjar a taɓa baitulmalinta.

Na biyu, a ɗaure shi da hakkin ma'aikata. Sananne ne cewa a wannan sana'a manyan jarumai ne ke kwashe kaso mai tsoka, mai riƙe fitila da mai ɗaukar kaya da tsofaffin da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a cikinta kuwa, sau da yawa sai an yi musu bara in ciwo ya kama su. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi umarni da a gaggauta biyan ɗan ƙwadago, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya sa mutum aiki ya hana shi lada. Kamfanin da ba shi da rubutacciyar yarjejeniya da ma'aikatansa, ko ake bin sa kuɗin aiki, ko bai koya wa yara sana'a ba, kada ya ga ko kwabo na rangwame.

Na uku, a yanka masa wa'adi, kuma a yi shi a fili. A ce shekara 3 ko 5, sa'an nan a zauna a yi lissafi: nawa aka yafe, mutum nawa suka sami aiki, kamfani nawa suka fito suka yi rajista. A buga sunayen waɗanda suka amfana da adadin abin da aka yafe musu, yadda kowa zai gani. Dukiyar jama'a ce, ba ta da sirri a kan masu ita. In lissafi ya nuna babu riba, a tsayar, kamar yadda Umaru ya karɓe filin da ba a raya ba.

Na huɗu, kuma shi ne mafi hatsari, kada rangwame ya zama ladan yabo. Kowa ya ga yadda ake jan 'yan fim da mawaƙa a lokacin zaɓe, ana raba motoci da kujerun Makka. In aka bar rangwame a hannun mutum guda, ya ba wanda ya so ya hana wanda ya ƙi, to an mayar da baitulmali kuɗin roƙo, kuma fim ɗin da ya nuna ɓarnar ma'aikaci ko wahalar asibiti shi ne zai fara rasawa. Haka kuma in aka ce sai fim mai wa'azi, za a ga ana cika fim da shashanci, a liƙa masa nasihar minti 2 a ƙarshe don a ci kuɗi, mun koya wa mutane riya da dukiyarmu. Abin da ya fi shi ne a raba aiki: hukumar tacewa ta tsare iyakar tarbiyya bisa doka ɗaya ga kowa, fim ɗin da ya ƙetare ta ya fita daga lissafi, wanda ya tsallake kuwa a auna shi da abubuwan da ake iya ƙirgawa.

Akwai wata fa'ida da rangwame ya fi rance da ita a wurin Musulmi. Rancen 2019 da muka ambata yana da ruwa, kome ƙanƙantarsa kuwa riba ce, saboda haka mai tsoron Allah a cikin masu fim shi ne zai ja da baya, wanda bai damu ba ya karɓa. Rangwamen haraji ba shi da wannan illa. In kuma jari ake so a ba su, ga hanyoyin muraabaha da mushaaraka, waɗanda bankunan da ba sa mu'amala da ruwa ke aiki da su a ƙasar nan tun da bankin Jaiz ya buɗe a 2012.

GA MASU SANA'AR

Ku kuma 'yan'uwa masu shirya fim, Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ranar da kuka karɓi rangwame, kun shiga yarjejeniya da maɗinki da manomi da mai sayar da ƙosai, domin da guminsu aka tallafe ku. Suna da hakkin ku nuna rayuwarsu da gaskiya, ku kiyaye mutuncin 'ya'yansu da ke zuwa neman aiki a hannunku, kada kuma ku kumbura lissafi don ku karɓi abin da ba ku kashe ba, domin wannan shi ne gululu, watau ha'incin dukiyar jama'a, wanda Alƙur'ani ya yi gargaɗi a kansa cikin Suratu Ali Imrana. Ku sani kuma gwamna yana iya yafe haraji, amma ba shi da ikon yafe zakka. In dukiyarku ta kai nisabi, shekara ta zagayo, to kashi 2.5 cikin 100 hakkin matalauta ne da Allah Ya yanka, babu hutu a cikinsa.

Ga shugabanni kuwa, kafin ku sa hannu a kan kowace takardar rangwame, ku ƙaddara cewa maɗinkin Soron Ɗinki yana tsaye a gabanku yana tambaya, me zai komo mini? In kuna da amsar da za ku iya ba shi da lissafi, ku kuma maimaita ta gaban Allah ranar hisabi, to ku sa hannu. In babu, ku bar masa kuɗinsa a yi masa kwata da makaranta. Ga malamai 'yan'uwana kuma, zai fi amfani mu zauna a teburin da ake rubuta sharuɗɗan nan, mu faɗi abin da Shari'a ta ce a kan amana da hakkin ma'aikaci da tarbiyya, da mu tsaya daga nesa a gama rubutawa ba mu.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah Ya shiryi shugabanninmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mana zuriyarmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.